Bolgar, ƙaramin garin Tatar a bakin kogin Volga: tambayoyi da amsoshi kan tarihinsa da yanayin ƙasarsa

Mutane iri uku ne suka fi yin tambaya a kan Bolgar: masu karatun tarihin Musulunci, ɗaliban da suka samu gurbin karatu a Kazan suna jin ana ambatonta, da almajiran fiƙihu da suka ci karo da "mutanen Bulgar" a babin lokutan salla. Tambayoyinsu ne aka tattara a nan.

A ina Bolgar take, kuma yaya girmanta?

Bolgar tana cikin Jamhuriyar Tatarstan, ɗaya daga cikin jamhuriyoyin Tarayyar Rasha. Tana kan tudu a gaɓar gabas ta kogin Volga, kimanin kilomita 30 ƙasa da wurin da kogin Kama yake zuba ruwansa a cikin Volga. Tana kudu da Kazan, babban birnin jamhuriyar. A miƙe nisan bai kai kilomita 100 ba, amma a mota ya kusa 200, domin sai an yi zagaye an haye gadar Kama.

Ƙidayar 2010 ta samu mutum 8,650 a garin, kuma shi ne hedikwatar gundumar Spassk. Ƙasar yankin baƙa ce mai albarka, fili da kurmi a cakuɗe, ana noman alkama da sauran hatsi, ana kiwo, ana su a ruwa. In don yawan jama'a ne, ba wanda zai san sunanta a wajen Tatarstan. Kangon tsohon birnin da ke gefenta shi ya ɗaga ta.

Bolgar da ƙasar Bulgeriya abu ɗaya ne?

A'a, amma tushen sunan ɗaya ne. A ƙarni na 7 ƙabilun Bulgar, makiyaya masu harshe daga dangin Turkanci, suna da daula a arewacin Baƙin Teku ƙarƙashin sarki Kubrat. Bayan rasuwarsa sai Hazar, maƙwabtansu masu ƙaƙƙarfar daula, suka matsa musu, suka watse. Wani ɓangare ƙarƙashin ɗansa Asparuh ya yi yamma zuwa kogin Danub, inda aka kafa Bulgeriya a 681. Can suka narke cikin ƙabilun Silab, suka ɗauki harshensu, daga baya suka karɓi Kiristanci. Wani ɓangaren kuma ya hauro arewa sannu a hankali har mahaɗar Volga da Kama. Waɗannan su ne Bulgar na Volga, kuma birninsu ne ake magana a kansa.

Su wane ne Tatar, kuma me ya haɗa su da wannan wuri?

Tatar su ne ƙabila ta biyu mafi yawa a Rasha bayan Rashawa. Ƙidayar 2010 ta nuna sun haura miliyan 5. Yawancinsu Musulmi ne 'yan Sunna masu bin mazhabar Hanafiyya. Sun daɗe suna rubuta harshensu da haruffan Larabci kamar yadda ake rubuta ajami, har zuwa 1927 da aka mayar da su haruffan Latin, sannan a 1939 aka mayar da su haruffan Rashanci.

Batun asalinsu ana muhawara a kansa har yau a tsakaninsu. Wasu na cewa su jikokin Bulgar ne kai tsaye, sunan "Tatar" daga baya ya manne musu. Wasu na ba da ƙarfi ga Kipcak, wasu makiyaya masu harshe daga dangin Turkanci da suka cika yankin a zamanin Mongol, domin harshen Tatar na yau daga reshen Kipcak yake, alhali harshen da ya fi kusa da tsohon Bulgaranci shi ne na ƙabilar Cubash, maƙwabtan Tatar a yankin Volga. Duwatsun kaburburan Bolgar na ƙarni na 13 da na 14 suna ɗauke da nau'in harshe biyu, ɗaya mai kama da Cubash, ɗaya mai kama da Tatar, duk da haruffan Larabci. Abin da ɓangarorin suka haɗu a kai shi ne daga nan Musuluncinsu ya faro.

Yaushe Musulunci ya shiga, kuma ta yaya?

Shekarar da ake riƙe ita ce 922, wato 310 bayan Hijira. Sarkin Bulgar, Almish, shi ya aika wa Halifa Muƙtadir na Abbasiyawa wasiƙa yana neman malaman da za su karantar da addini, da wanda zai gina masa masallaci da mumbari, da kuɗin gina ganuwa don kare kansa daga Hazar da yake biya wa haraji. Ayari ya tashi daga Bagadaza a watan Yunin 921, ya bi ta Buhara, ya yi zaman hunturu a Hawarizm, ya iso a ranar 12 ga Mayu 922. Magatakardan ayarin, Ahmad ibn Fadlan, shi ya rubuta labarin tafiyar, kuma daga gare shi aka san yawancin abin da aka sani. Sarkin ya ɗauki sunan Ja'afar ibn Abdullahi, aka riƙa ambatonsa da shi a huɗuba.

Ayarin bai tarar da jama'ar da ba su taɓa jin kalmar shahada ba. Fatake daga Hawarizm da Buhara sun riga sun kai addinin. Ibn Fadlan ya ga ladani yana kiran salla, ya ga wata zuriya mai suna Baranjar, mutum 5,000, duk Musulmi, da masallacinsu na katako. Har saɓanin mazhaba ya tarar: ladanin yana maimaita kalmomin iƙama sau bibbiyu irin na Hanafiyya, ya ce a mayar ɗai-ɗai, sarki ya yarda. Da ta bayyana cewa dinare 4,000 da Halifa ya yi alkawari ba su iso tare da ayarin ba, sai sarki ya yi fushi, ya umarci ladani ya koma yadda ya saba. Hanafiyya ta zauna a can har yau.

Akwai wani wuri a labarin da ya fi taɓa zuciya. Wani mutum mai suna Ɗalutu ya musulunta a hannun Ibn Fadlan, ya roƙi a sa masa suna Muhammadu. Matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'yansa suka bi shi, kowannensu aka kira shi Muhammadu. Aka koya masa Fatiha da Ƙulhuwallahu, marubucin ya ce murnarsa da surorin nan biyu ta fi da a ce an naɗa shi sarkin ƙasar. Wannan ya faru shekara 66 kafin sarkin Kiyeb (babban birnin Yukiren a yau) ya karɓi Kiristanci a 988.

Gaskiya ne sahabban Annabi sun je Bolgar?

Labari ne da ya yaɗu a bakin jama'a da wasu rubuce-rubucen baya-baya: wai sahabbai uku sun zo, suka warkar da 'yar sarki mai suna Tuybike, sarkin ya musulunta. A bakin kogi akwai rijiya da ake kira rijiyar Gabdrahman, wato Abdurrahman, da sunan ɗaya daga cikinsu, kuma masu ziyara na ɗiban ruwanta. Malaman tarihi ba su karɓi labarin ba, kuma babban malamin Tatar, Shihabuddin Marjani (1818 zuwa 1889), yana cikin waɗanda suka soki irin waɗannan ruwayoyi. A ganina Bolgar ba ta bukatarsa. Tarihin da ya tabbata, wanda ke cikin amsar da ta gabata, ya ishe ta daraja.

Me ya sa birni ya bunƙasa a wannan lungun arewa?

Ruwa ne. Volga, wadda Tatar ke kira Idel, Larabawa na da kuma Itil, tana da tsawon kilomita kusan 3,530, tana gangarawa har Tekun Kasbiya. Kama tana fitowa daga wajen duwatsun Ural. Duk wanda ya zauna a mahaɗarsu ya riƙe ƙofar da mutanen kurmin arewa ke haɗuwa da 'yan kasuwar ƙasashen Musulmi. Daga arewa ana kawo fatun dabbobin sanyi masu tsada, da zuma, da kakin zuma, da bayi, domin cinikin bayi babban ɓangare ne na wannan arziki. Daga kudu ana kawo dirhamin azurfa na daular Samaniyawa, da tufafi, da duwatsun ado. Dubban irin waɗannan dirhamai da aka tono a Rasha da Suwidin ta wannan hanya suka bi. Kasuwar bakin ruwa, Aga-Bazar, tana 'yan kilomitoci kaɗan daga birnin. Jimammiyar fatar ƙasar ta yi suna har aka riƙa kiranta "bulgari" a kasuwannin Farisa da Asiya ta Tsakiya.

Me zuwan Mongol ya yi wa birnin?

A 1223 Bulgar sun yi wa rundunar Mongol kwanton ɓauna suka ci ta da yaƙi. Mongol suka dawo a 1236 ƙarƙashin Batu, jikan Janghiz Han, suka ƙone ƙasar. Bilyar, wadda ita ce babban birnin daular a lokacin, ba ta sake komawa yadda take ba.

Bolgar kuwa ta farfaɗo da sauri, har ta zarce da. Ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin farko na daular zuriyar Batu, wadda Tatar ke kira Altin Urda, kuma a nan aka fara buga kuɗin daular. Berke, ƙanen Batu, ya musulunta. A zamanin Uzbek Han (1313 zuwa 1341) Musulunci ya zama addinin daular. Kusan duk gine-ginen dutse da ake gani a yau na wannan zamani ne, ba na zamanin Almish ba, wanda ya tarbi baƙinsa a cikin tanti. Mai son kwatanta lokaci ya tuna cewa wasunsu suna tsaye tun kafin zamanin Sarkin Kano Yaji (1349 zuwa 1385), lokacin da Wangarawa suka iso Kano.

To me ya rushe shi?

Ba abu ɗaya ba ne. Annoba ta ratsa daular a tsakiyar ƙarni na 14, rikicin gadon sarauta ya biyo baya, Bulat-Timur, ɗaya daga cikin manyan daular, ya kame birnin a 1361. 'Yan fashin ruwa daga Nobgorod, wani birnin Rashawa, suka riƙa kawo hari ta kogi. A 1431 rundunar Mosko ƙarƙashin yarima Fyodor Pyostri ta yi masa ɓarnar da bai sake tashi ba. Kasuwa da sarauta suka koma Kazan, wadda ita ma ta faɗa hannun sarkin Rasha Iban na Huɗu a 1552.

Bayan haka manoman Rashawa suka zauna a wurin, aka kafa gidan sufayen Kirista, aka riƙa ɗiban duwatsun kango ana gini. Cocin da ke tsaye kusa da tsohon masallacin Juma'a an gina shi tsakanin 1732 da 1734, kuma an sa duwatsun kaburburan Musulmi a harsashinsa. Shekara goma kafin haka, a 1722, sarkin Rasha Bitrus na Ɗaya ya tsaya a nan a hanyarsa ta yaƙin Farisa, ya ba da umarnin a gyara kangon a kuma kwafe rubutun kaburbura. Da yawa daga waɗannan duwatsu sun ɓace, kwafin ne ya rage. Babbar hasumiyar ta faɗi a 1841.

Garin yanzu shi ne tsohon birnin?

A'a, maƙwabcinsa ne, kuma baƙo ne a wurin. Asalinsa garin Spassk ne, wanda aka ba matsayin gari a 1781, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Bezdna. A gundumarsa ne, a ƙauyen Bezdna, sojoji suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1861, lokacin da suka taru a kan yadda aka fassara dokar 'yanta su. An sauya wa garin suna zuwa Spassk-Tatarski a 1926, sannan Kuybishev a 1935, don tunawa da wani jigon Tarayyar Sobiyet da ya mutu a shekarar.

A shekarun 1950 aka datse Volga can ƙasa, ruwa ya taru ya zama tafkin Kuybishev, mafi girma a kan kogin, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 6,000. Spassk tana cikin wuraren da ruwa zai ci, sai aka kwashe mutanenta aka mayar da su kan tudu kusa da ƙauyen Bolgari. Sunan Bolgar a 1991 aka ba garin. Shi ya sa mai ziyara zai tarar mafi yawan mazauna Rashawa ne, Tatar su ne marasa rinjaye, ko da yake akwai ƙauyukan Tatar a gundumar. Kiransa garin Tatar ya dogara ne a kan jamhuriyar da yake ciki da matsayinsa a zukatan Tatar.

Yaya yanayin wurin yake?

Hunturu mai tsawo ne. A Janairu matsakaicin sanyi yakan kai maki 12 ƙasa da sifili, wasu darare ya gangara zuwa 30 ƙasa da sifili. Ruwan tafkin yana daskarewa daga wajen Disamba har Afrilu, masunta su huda ƙanƙara su zauna a kai suna jefa ƙugiya. A Yuli matsakaicin zafi wajen maki 20 ne, ƙasa ta yi kore shar.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne rana da dare. Bolgar tana kan digiri 55 arewa, Kano kuwa kan 12. A ƙarshen Yuni yini yakan haura awa 17, a ƙarshen Disamba ya dawo wajen 7. Idan Ramadan ya faɗo a tsakiyar zafi, azumi ya haura awa 18. Alƙiblarsu kuma kudu take, da ɗan karkata yamma.

Mece ce mas'alar Isha ta mutanen Bulgar da ke cikin littattafan fiƙihu?

Ta samo asali daga gajartar daren da aka ambata a sama. A makonnin da ke kewaye da ƙarshen Yuni rana ba ta nisa a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka hasken shafaƙi bai gama ɓacewa ba alfijir ya keto. Ibn Fadlan ya gani da idonsa. Ya ce ya zauna hira a tanti da wani tela ɗan Bagadaza suna jiran kiran Isha, ba su daɗe ba suka ji kiran salla, ya fito ya ga gari ya fara wayewa. Ladani ya ce masa Asuba ya kira, Isha kuwa tare da Magariba suke yinta, ya ƙara da cewa mutum zai ɗora tukunya da Magariba, ya yi sallar Asuba ba ta nuna ba.

Malaman Hanafiyya suka rabu. Baƙƙali na Hawarizm ya yi fatawa cewa Isha ba ta wajaba a kansu a waɗannan darare, tunda lokaci shi ne sababin wajabci kuma bai shigo ba. Halwani ya ce sai sun rama. An ruwaito cewa ya tura wani ya tambayi Baƙƙali a bainar jama'a hukuncin wanda ya zubar da ɗaya daga salloli biyar. Baƙƙali ya gane inda aka dosa, ya mayar da tambaya: wanda aka yanke wa ƙafafu daga idon sawu, farillan alwalarsa nawa ne? Aka ce uku, domin a Hanafiyya huɗu ne, kuma gurbin na huɗu ya tafi. Ya ce haka sallar ta biyar take. Daga baya Ibnul Humam ya ƙi wannan ƙiyasi, ya kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal, inda Annabi (SAW) ya ce a ƙaddara lokutan salla a yinin da zai yi tsawon shekara.

Su kansu Tatar sun daɗe suna jayayya a kai. Abdunnasir Kursawi, wanda ya rasu a 1812, da Marjani bayansa, sun tsaya a kan cewa Isha wajibi ce ko shafaƙi bai ɓace ba, kuma a kan haka ake aiki a masallatan Tatarstan yau: ana ƙaddara lokaci a yi ta. Musulmin da ke zaune a Ingila ko Jamus ko Kanada suna fuskantar wannan tambaya duk shekara, kuma muhawarar Bulgar ake komawa.

Me ake gani a kangon?

Filin ya kai hekta kusan 400, ganuwar ƙasa da gwalalo mai tsawon sama da kilomita 5 sun kewaye shi. A tsakiya akwai harsashin masallacin Juma'a na ƙarni na 13 da ragowar hasumiyoyin kusurwoyinsa huɗu, da babbar hasumiya da aka sake ginawa a 2000. Kusa da shi akwai hubbare biyu, na arewa da na gabas. A cikin na arewa aka jera duwatsun kaburburan da aka yi maganarsu a tambayar asalin Tatar. Akwai Baƙin Ɗaki, ginin da ya fi kowanne tsira, da kangon gidajen wanka waɗanda ake ɗumama daɓensu da hayaƙi ta ƙarƙashin ƙasa.

Wanda lokacinsa kaɗan ne ya nufi Ƙaramar Hasumiya ta ƙarni na 14, kusa da makabartar sarakuna. Ita ba sabon gini ba ce. Matakalarta ta dutse ƙunci gare ta, tana murɗawa, sai mutum ya sunkuya yana dafa bango, tsakiyar kowane mataki ya lotsa saboda sawun masu hawa. Daga sama ana hango filin gaba ɗaya da shimfiɗar ruwa.

Sababbin gine-ginen fa, da batun UNESCO?

An mayar da wurin gidan tarihi na hukuma a 1969. Babban aiki ya fara a 2010 ƙarƙashin gidauniyar da Mintimer Shaimiyev, shugaban Tatarstan na farko, ya jagoranta. A 2012 aka buɗe Farin Masallaci, da gini mai ƙubbar zinariya da ke ajiye da Alƙur'ani bugagge mai nauyin kilo 800, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Makarantar ƙoli ta nazarin Musulunci ta Bolgar ta buɗe a 2017.

Masana adana kayan tarihi sun nuna damuwa kan yawan sabon gini a kan ƙasar da ba a gama tonowa ba, kuma damuwarsu tana da tushe, domin abin da aka danne da kankare ya tafi. Duk da haka UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 2014. Ni dai ina ganin jama'ar da aka rufe wa masallatai shekaru da dama a zamanin Sobiyet suna da haƙƙin gina wurin salla a tushensu, muddin an nisanta shi daga kangon, kamar yadda aka yi da Farin Masallaci a wajen ganuwa.

An ce wasu na ɗaukar ziyarar Bolgar madadin Hajji. Haka ne?

An samu masu faɗar haka, musamman a zamanin Sobiyet da zuwa Makka ya gagari kusan kowa. Tsofaffi sukan zo su yi addu'a a makabartu, wasu suna kiran ziyarar "ƙaramin hajji". Malamai ba su yarda da wannan ba, kuma Tatar na zuwa Makka yanzu kamar kowa. Abin da ake yi a Bolgar taron shekara ne mai suna Izge Bolgar Jiyeni, inda dubban mutane ke haɗuwa don salla da addu'a da tunawa da 922. Babban taro na farko an yi shi a 1989, cikar shekara 1,100 a lissafin Hijira, aka maimaita a 2022 a lissafin Miladiyya. Ranar 21 ga Mayu ce ranar tunawa a hukumance a Tatarstan.

Yaya ake zuwa, kuma wane lokaci ya fi?

Daga Kazan ake tashi. A mota tafiyar wajen awa uku ce, ta gadar Kama da aka buɗe a 2002. A watannin zafi akan samu jirgin ruwa mai gudu daga tashar ruwan Kazan, ya sauke mutum a gindin tudun, inda ginin tashar yake haɗe da gidan tarihin wayewar Bulgar. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba ya fi daɗi. Da hunturu iskar da ke tasowa daga kan ƙanƙara ba ta barin mutum ya daɗe a fili. Abincin halal ba wuya, ga ecpocmak, burodi mai kusurwa uku da nama da dankali a ciki, ga cak-cak na zuma da ake ci da shayi. A tanadi takalmin tafiya, domin gine-ginen a warwatse suke, kuma mai zuwa a Yuni ya nemi jadawalin salla na masallacin garin, saboda dalilin da aka bayyana a tambayar Isha.